Jarka 36, gonaki uku: yadda aka raba kuɗin mai a wata fadamar Argungu

Kawuna ya kira ni a waya bayan sallar isha'i, ana tsakiyar kwashe shinkafar rani. "Malam, gobe ka taho da biro da takarda. Maganar mai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa." In kawu ya ce mini Malam, da zolaya a ciki. Tun da na fara koyar da lissafi a sakandare yake cewa an kashe kuɗin boko a kaina don in riƙa rubuta abin da shi yake ƙirgawa da ka. Ranar da ya neme ni da biro kuwa, na san ruwa ba ya tsami banza.

Gonaki uku ne a jere a wata fadama ta gefen Gulbin Rima, ba nisa da Argungu. Ta kawu eka 3 ce, tana kwari, ƙasarta laka mai riƙe ruwa. Ta wani Alhaji ɗan kasuwa eka 2 ce, tana can wajen tudu inda yashi ya fara shigowa. Ta ukun eka 1 ce tak, ta wani saurayi maraya da ya gaje ta wurin mahaifinsa, da ita yake riƙe da uwarsa da ƙannensa. Rijiya ɗaya suka haƙa aka zura mata fayif, inji ɗaya mai bakin inci uku ke jawo musu ruwa. Injin na Alhaji ne, shi kuma ke fitar da kuɗin mai duk tsawon rani, sai an girbe a biya shi. Yaron ne ke ta da inji, ya ja tiyo daga wannan gona zuwa waccan, ya kwana a fadama in ta kama.

Shekara da shekaru ana raba kuɗin mai gida uku, ba wanda ya taɓa jin kansu. Kawu yana cikin waɗanda suka yi ban ruwa da jigo da guga kafin ƙananan injina su cika fadamu a shekarun 1990, saboda haka duk abin da aka ce ya biya na mai, arha yake gani. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara armashi, suka mai da gonakin duka na shinkafa. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa. A ranin da ya biyo baya ne aka yi wannan zama.

Man da injin ya sha a ranin nan jarka 36 ne, kowace jarka lita 25, wato lita 900. Kuɗinsa naira 630,000. Na share 'yan ɗigon da ke jikin alƙaluman don a ji daɗin bin su, amma ban canza komai a tsarinsu ba.

Na iso da hantsi na tarar da su a inuwar gawo, da Sarkin Noman ƙauyen a tsakiya. Na ɗauka rabo kawai zan yi. Ashe kafin rabo akwai zargi. Alhaji ya ce mai ya ɓata, kusan jarka biyu, kuma ba wanda ke taɓa jarka sai yaron. Bai furta kalmar sata ba, amma ya ambaci 'yan bumburutun bakin hanya har sau biyu. Yaron yana tsugune gefe, hula a hannu, idonsa ya yi ja.

Hujjar Alhaji ba ta banza ba ce, har ta burge ni. Tun farkon rani ya zuba wa injin lita 3 daidai, ya duba agogo, injin ya yi awa 2 ya mutu. Ke nan cinsa lita ɗaya da rabi ne a kowace awa. Wannan shi ne abin da nake fama in sa wa ɗalibai a ka: ka gwama abu biyu da ba jinsi ɗaya ba, mai da lokaci, ka fitar da nawa a kan guda ɗaya. Da zarar ka san cin inji a awa, ba ka bukatar leƙa tanki. Ba ni awa in ba ka lita. Alhaji ya kuma sa yaron ya riƙa rubuta tsawon kowane ban ruwa da gonar da aka yi wa. Da rani ya ƙare ya tara awoyin a kalkuletar wayarsa, ya sami 570. Awa 570 sau ɗaya da rabi lita 855 ne. An sayi 900. Ina 45? A farashin wancan ranin, naira 700 lita, naira 31,500 ke nan.

Na karɓi littafin. Irin na 'yan firamare ne mai shafi arba'in, bangonsa ya sha baƙin mai, gefen shafukan duk shatin yatsu da laka. Yaron ya ja layi uku da jan biro, kowace gona da gidanta, ya rubuta kusan sau ɗari biyu: 2:30, 3:15, 1:45, 4:00. Rubutu mai tsabta, ba kankara ko ɗaya. Na ce Alhaji ya nuna mini yadda ya tara. Ya danna 2.30, ya danna alamar tarawa, ya danna 3.15. Nan na ga ɓarawon.

Awa minti 60 ce, kalkuleta kuwa ba ta san haka ba, ita komai kashi ɗari take yi masa. Awa biyu da minti 30 awa biyu da rabi ce, a kalkuleta 2.5 ake rubutawa. Wanda ya danna 2.30 ya zubar da minti 12 bai sani ba. Minti 15 kwata ce, 0.25, minti 45 kuwa 0.75, wanda ya danna 0.45 ya yar da minti 18 a layi ɗaya. Kaɗan-kaɗan a layi ɗari biyu, sai ga awa 30 ta salwanta. Muka sake tarawa, awoyi daban mintoci daban, muka raba mintocin da 60. Jimla ta tashi awa 600. Sau ɗaya da rabi, lita 900. Abin da ya saura tsakanin littafi da jarka bai wuce wanda ke zuba a ƙasa wajen ɗurawa ba.

Alhaji ya sake dannawa da kansa har sau biyu. Sannan ya juya wajen yaron ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Zato zunubi." Yaron ya ce, "Ba komai, Baba," amma bai ɗago kai ba. Na lura daga nan har aka tashi bai sake barin littafin ya bar hannunsa ba.

Aka dawo kan rabo. Kawu ya ce a yi yadda aka saba: "Mu ukku na, a raba ukku." Jarka 12 kowa, naira 210,000. Yaron ya ce shi kam bana ba zai iya ba, eka ɗaya gare shi, don me zai biya daidai da mai eka uku? Gaskiya ce, kuma tsohuwar gaskiya ce. Rabon nan bai taɓa zama daidai ba, arhar mai ce ta rufa masa asiri. Lita 150 da yaron ke biya fiye da haƙƙinsa, lokacin da lita take wajen naira 200, naira 30,000 ce. Ana jin ta, amma kunya da zumunci suna iya haɗiye ta. A naira 700 ta zama 105,000, kuɗin buhunan shinkafa sukutum. Kason bai canza ba ko kaɗan, abin da ake kasawa ne ya kumbura.

Kawu mutum ne mai son a zauna lafiya, sai ya kawo gyara. Ya ce gonarsa ta fi ta Alhaji da eka ɗaya, ta Alhaji ta fi ta yaro da eka ɗaya, to shi ya ɗauki jarka 13, Alhaji 12, yaro 11. Jimla 36, ba ragi ba ƙari. Sarkin Noma ya gyaɗa kai, ya ce wannan adalci ne.

A nan na fi daɗewa, don wannan kuskuren ne nake gani kullum a takardun jarrabawa, kuma masu hankali ne ke yin sa. Kawu ya dubi bambanci: wannan ta fi waccan da ɗaya. Abin da ya kamata a duba ninki ne: gonarsa ta ninka ta yaron sau uku. In da faɗin gona za a bi, kason 3 da 2 da 1 ne, abin da muke kira rashiyo a aji muke rubuta shi 3:2:1. Ka tara kason, 6 ke nan. Ka raba jarka 36 gida 6, kowane kaso jarka 6. Kawu 18, Alhaji 12, yaro 6. Na faɗa, na rubuta a ƙasa da tsinke, kawu ya ce boko ce kawai, daga 13 a cilla shi 18.

Sai na bar allo na koma inda ya fi ni sani. Na ce, "Kawu, buhu nawa ka samu bana?" Ya ce 60 na shanshera. "Zakka fa?" Bai ko yi tunani ba ya ce uku, tunda ban ruwa ne da inji, ɗaya cikin ashirin ake fitarwa, da ruwan sama ne ɗaya cikin goma. Haka hadisi ya zo, haka malamai ke karantarwa, matuƙar amfanin ya kai nisabi na wasaƙi biyar, wato sa'i 300. Na ce to Alhaji ya sami 36, yaro ya sami 24. Tunda kai ka fitar da uku, sai Alhaji ya ba da uku shi ma, ko kuwa a rage masa 'yan mudu don ka fi shi? Kawu ya ce, "Subhanallahi, wa ya taɓa yin haka? Kowa gwargwadon abin da Allah ya ba shi." Alhaji buhu biyu saura kaɗan, yaro buhu ɗaya da ɗan ɗori. Na ce to shi ke nan, abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Ɗaya cikin ashirin na mai 60 da ɗaya cikin ashirin na mai 24 ba yawansu ɗaya ba, amma nauyinsu a kan mai su ɗaya ne. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wanga yaro, da kai anka haɗa baki." Dariyar farko da aka yi a zaman ke nan.

Ya yarda da 18. Ni ne ban yarda ba. Da na tsaya nan da na cuci kawuna da hannuna, don faɗin gona ba shi ke shan mai ba. Inji bai san eka ba, abin da ya sani awa nawa ya yi yana ruri. Littafin yaron kuwa ya riga ya ware: gonar kawu awa 240, ta Alhaji 260, ta yaro 100. Raba kowace da faɗinta ka ga abin mamaki. Ekar kawu ɗaya awa 80 take ci a rani, ta yaro 100, ta Alhaji 130. Laka in ta sha ta ƙoshi, sai ta kwana biyu ko uku da ruwa kwance a fangali. Yashi kuwa kamar zuba ruwa a rariya, ka ba shi da safe, da la'asar ya bushe. Ga shi gonar Alhaji ce ta fi nisa da rijiya, ruwan yana hawa tudu cikin dogon tiyo, abin da ke fita a bakinsa bai kai na kusa ba.

In an bi awa, kawu lita 360, Alhaji 390, yaro 150. Mai eka biyu ya fi mai eka uku biya. Wannan lissafi yana tsayawa ne don injin a ƙarfi ɗaya yake aiki ko wace gona ake ba. Yaron ya ce tun da aka daidaita shi farkon rani bai taɓa ƙara masa wuta ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, nan da nan ya hango inda aka dosa. A rabon gida uku jarka 12 ce tasa, a rabon eka ma 12, shi ya sa duk gardamar nan yana zaune abinsa yana jan carbi. Yanzu ga lita 90 ta hau kansa. Sai ya kawo nasa ma'aunin: a bi amfanin gona, wanda ya fi samu ya fi biya. Buhu 60 da 36 da 24, in ka raba kowanne da 12, kaso 5 da 3 da 2 ke nan. Kawu lita 450, Alhaji 270, yaro 180. Ya ce ai zakkar da na kafa hujja da ita ma haka take.

Wayo ne, amma ba wayon banza ba, dole na ba shi amsa ta hankali. Zakka haƙƙi ne a kan amfanin gona, shi ya sa take bin buhu. Mai kuwa kaya ne da aka saya aka ƙone, da an sami shinkafa da ba a samu ba. Da ambaliya ko tsuntsu sun cinye gonar Alhaji ƙurmus, shin lita 390 da aka ƙona masa za ta dawo jarka? Kuma ma'aunin nasa yaron yake hukuntawa. Ekarsa ɗaya ta ba da buhu 24, ta kawu 20, ta Alhaji 18, don shi ya yi dashe a layi, ya bi ciyawa da hannunsa, bai bar wa 'yan ƙwadago ba. A ce ya ƙara lita 30 don ya fi kowa ƙoƙari? Da gonakin tarayya ne, an haɗa ƙasa da iri da taki ana raba riba, da maganar Alhaji ta zauna daram. Su kuwa inji kawai suka haɗa.

Ma'auni huɗu ke nan aka ajiye a inuwar gawon nan, in ba a ƙirga na kawu na 13 da 12 da 11 ba, kuma ba wanda lissafinsa ya karye. Kowanne in ka tara lita 900 yake ba ka. Rabawa da ninkawa ba su ɗauke mu minti goma ba. Abin da ya cinye mana yini shi ne a yarda da me za a auna. Kowa kuma, har da kawuna, ma'aunin da ya fi yi masa sauƙi ya fara kawowa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da ina da gona a wurin, Allah kaɗai ya san wanda zan fara ambata.

Sarkin Noma ne ya yanke, da misalin da ya fi nawa gajarta. Ya ce in mutum uku suka hau mota ɗaya, ɗaya ya sauka Birnin Kebbi, ɗaya Jega, ɗaya ya zarce Yawuri, direba ba ya tambayar girman rigar kowa, nisan tafiya yake karɓa. Alhaji ya ce ya ji.

Wajen mai da lita kuɗi, Alhaji ne ya gyara mini. Ya sayi lita 300 a kan naira 660, sauran 600 a kan 720. Na yi saurin cewa tsakiyarsu 690. Ya ce a'a Malam, mai tsadar ya ninka mai arhar yawa, ba za su zauna a tsakiya ba. Gaskiyarsa: 198,000 da 432,000 sun ba da 630,000, a raba da 900, lita ta tsaya naira 700. Da an bi tawa, da ya yi asarar naira 9,000. Kawu ya ji daɗin wannan fiye da komai a ranar, har yau yana ba da labarin yadda ɗan kasuwa ya ka da malamin lissafi. Aka rubuta: kawu 252,000, Alhaji 273,000, yaro 105,000.

Sauran kuɗaɗen ba su ba da wahala ba tunda an sami bakin zaren. Baƙin mai da fulogi da gyaran inji suna bin aiki, aka ɗora su a kan awa. Kuɗin yashe rijiya da sabon fayif aka ɗora a kan eka, don rijiya ta shekaru ce, ba ta rani ɗaya ba, kuma darajar kowace gona take ɗagawa gwargwadon faɗinta. Alhaji ya ta da maganar tsufan injinsa, cewa shi kaɗai zai sayi sabo in wannan ya mutu. Kafin kowa ya amsa, Sarkin Noma ya nuna yaron da sandarsa: cikin awa 600, awa 500 a gonakin wasu ya yi su, cikin sanyin hunturu da sauron fadama, ba a taɓa ba shi ko sisi ba. Aka yanka masa buhu ɗaya a kan kowace awa 100, buhu 5 ke nan. A lissafi kawu 2.4 ne, Alhaji 2.6. Kawu ya ce shi ba zai tsaya awon mudu a kan maraya ba, kowa ya kawo biyu da rabi. Maganar tsufan inji kuwa aka ce a bar ta sai an zo sayen sabo, a raba kuɗinsa bisa awoyin da littafi ya nuna.

Ana shirin tashi na yi wani ɗan rabo a bayan takardata, don kaina kawai, sai Alhaji ya leƙo. Lita nawa kowane buhu ya ci? Na kawu 360 a kan 60, lita 6. Na yaro 150 a kan 24, lita 6 da kwata. Na Alhaji 390 a kan 36, kusan lita 11. Wato kowane buhu nasa ya sha man kusan naira 7,600, na kawu 4,200, alhali a kasuwa ba wanda zai tambayi buhu daga laka ya fito ko daga yashi. Ya daɗe yana kallon lambar. Duk shekarun nan rabon gida uku ne ya ɓoye masa cewa rabin gonarsa ba ta shinkafa ba ce. Maraya ne ke cike masa giɓin, daga shi har marayan ba wanda ya sani.

Da rani ya zagayo, Alhaji ya bar shinkafa a ekar da ke kusa da kwari, ta tudun ya kawo irin albasa daga Aliero ya zuba, don ita ba ta son ruwa ya kwanta mata. Suna kuma tambayar farashin injin hasken rana, kamar yadda wasu maƙwabtansu suka koma. Yaron ya sayi sabon littafi, wannan karon kowace gona gida biyu ya ja mata, ɗaya na awa ɗaya na minti, kuma duk Juma'a bayan an sauko yana kai wa kawu da Alhaji su sa hannu a ƙasan shafi. Kawu da ajami yake sa nasa.